Zunubina Ne Ya Kashe 'Yata?

TAMBAYA

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni 'yar Billiri ce, aure ya kawo ni cikin garin Gombe shekara 11 ke nan. Allah ya ba mu 'ya'ya 4, biyu daga cikinsu an haife su da sikila. Babbar, mace, ta rasu bara da damina tana da shekara 7. Ƙaninta mai shekara 4 shi ma yau lafiya gobe ciwo. Surukata ta kai ni wani gidan addu'a, mutumin da ke wurin ya dube ni ya ce an nuna masa akwai zunubin da na ɓoye, shi ne yake cin 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Baba, gaskiya ne kafin aurena na faɗa cikin zunubi da wani saurayi. Na faɗa wa dattawa da bakina, aka sa ni horo wata 6, na tuba, aka maido ni, maigidana kuma ya san da wannan kafin ya aure ni. Mutumin ya ce in kawo Naira 80,000 a karya la'anar, mu yi azumin kwana 3 ba ci ba sha har da yaron, in kuma daina ba shi maganin asibiti domin alamar rashin bangaskiya ce. Ya karanta mini inda aka ce hakkin zunubi mutuwa ne, da labarin ɗan Dawuda da ya mutu. Tun daga ranar ba na barci, na kuma daina karɓar Jibin Ubangiji. Ni ce na kashe 'yata? Idan ni ce, me zan yi kada ɗan'uwanta ya bi ta?

Wata uwa, Gombe

AMSA

'Yata, sannu da wannan babban rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke da maigidanki, ya kuma ba yaron nan sauƙi. Kafin in shiga maganar tauhidi, akwai abin da ba zai jira ki gama karanta amsar nan ba. Kada ki tsayar wa yaron da maganinsa ko na yini ɗaya, kada kuma ki yarda wani, komai girman rigarsa da ƙarfin muryarsa, ya sa yaro mai sikila azumin ba ci ba sha. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, shi ya sa likitoci ba sa gajiya da cewa a ba waɗannan yara ruwa, a ƙara ba su. Kwana 3 babu ruwa a zafin Gombe yana iya kai babban mutum mai lafiya ƙasa, balle ɗan shekara 4 da jininsa bai cika ba. Idan kin riga kin fara, ki karya yanzu, ki kai shi asibiti, ki faɗa wa likita abin da ya faru ba tare da jin kunya ba.

Amsar tambayarki kuwa ita ce a'a. Ba ke kika kashe 'yarki ba, zunubin da kika tuba da shi kafin aure kuma ba shi ne ya kwantar da ɗanki ba.

Da yake ke 'yar ikilisiya ce, ba sai na mayar da ke ajin baftisma ba. Mun gaskata, ba ma kuma jin nauyin faɗa, cewa mutuwa baƙuwa ce cikin halittar Allah, zunubi ne ya buɗe mata ƙofa. An gargaɗi Adamu a Farawa 2:17, aka yanke masa komawa turɓaya a 3:19, Bulus kuma ya ɗaure maganar a Romawa 5:12, cewa ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi, ta bazu ga dukan mutane. Ikilisiya ta riƙe wannan tun da daɗewa, har majalisar da aka yi a Kartaj, a Arewacin Afirka, a shekarar 418 ta ƙi koyarwar masu cewa Adamu zai mutu ko da bai yi zunubi ba. Romawa 8:20-22 ta ƙara da cewa halitta kanta tana nishi a ƙarƙashin ruɓa. Cuta, tsufa, jinin da ya zo da lahani tun daga ciki, duk suna cikin wannan nishi. To, a nan ne mutumin da ya yi miki magana ya ɗauki gaskiya ya murɗe ta. Lalacewar da ta shigo duniya kamar ƙurar hunturu take, idan ta taso ba ta tambayar gidan wa za ta shiga, tana sauka a kan bagadin majami'a kamar yadda take sauka a kan teburin mashaya. Cewa mutuwa ta shigo duniya ta dalilin zunubi magana ce ta Littafi Mai Tsarki. Cewa yarinya kaza ta mutu saboda zunubi kaza na uwarta wata magana ce dabam, kuma Ubangijinmu da kansa ya hana mu yin wannan lissafi.

Ayar da ya karanta miki, Romawa 6:23, rabinta ya karanta. Ba ta ambaci uwa da ɗa ba, ba ta ambaci cuta ba, kan dukanmu take magana, har da shi mai karantawar. Ragowar rabin da ya haɗiye kuwa shi ne dalilin rubuta ayar, wato baiwar Allah rai madawwami ce cikin Almasihu Yesu Ubangijinmu.

Buɗe Yahaya sura 9. Almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka yi tambayar da surukarki take ɗauke da ita a zuciya: wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ki lura, ba su tambaya ko zunubi ne sanadi ba, sun riga sun yanke wannan, mai laifin kawai suke nema. Yesu ya ture tambayar dungum, ya ce ba mutumin ba ne, ba kuwa iyayensa ba, sai dai domin a bayyana ayyukan Allah a kansa. A Luka 13:1-5 aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Sau biyu ya tambaya ko sun fi sauran mutane zunubi ne, sau biyu ya amsa da kansa cewa a'a, sa'an nan ya juya ga masu kawo labarin ya ce su ne za su tuba. Wato idan masifa ta faɗa wa maƙwabcinka, zuciyarka ce aka ba ka ka bincika, ba a ba ka tasa ba.

Akwai kuma littafi guda, mai sura 42, da aka keɓe wa wannan batu. Ayuba ya binne 'ya'ya 10 a lokaci ɗaya, jikinsa ya cika da miki, alhali Allah da kansa ya shaide shi cewa marar aibu ne. Abokansa uku sun zo, suka zauna da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shirun shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai ɓarna ta fara. Elifaz ya tambaya ko an taɓa ganin marar laifi ya hallaka. Bildad ya duba uban da ke makoki ya ce masa 'ya'yansa zunubinsu ne ya ci su. Kalamansu cike suke da sunan Allah, wanda bai san ƙarshen labarin ba zai ɗauka wa'azi ne mai kyau. Amma a Ayuba 42:7 Allah ya ce wa Elifaz fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Har sai da Ayuban da suka zarga ya yi musu addu'a kafin aka karɓe su. Duk lokacin da na ji wani yana fassara wa mai makoki dalilin rashinsa, wannan aya ce take faɗo mini, tsoro kuma yakan kama ni dominsa.

Ba zan ɓoye miki sauran ayoyin ba, domin idan na ɓoye, wani zai fito miki da su gobe ya ce na ruɗe ki. Akwai wuraren da cuta ta zo a matsayin hukunci. Maryamu 'yar'uwar Musa ta kuturce a Littafin Ƙidaya sura 12, Gehazi ma haka, sarki Uzziya ma haka. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa wasunsu suna rashin lafiya saboda yadda suke wulakanta Jibin Ubangiji. Akwai kuma abin da kowa ke gani da ido, mashayin da hantarsa ta lalace, ko mazinacin da ya kwaso cuta ya kawo gida. Amma ko a wannan misali na ƙarshe, matar da ya shafa wa cutar me ta yi? Ke nan ko inda zunubi ya haifi cuta ƙiri-ƙiri, ba ka da ikon duban majiyyaci ka ce shi ne mai zunubin. A wuraren da hukunci ne kuwa, Allah ne ya bayyana, ya ambaci laifin a fili, babu inda aka bar wa mutane su yi zato. Bahaushe ma ya ce zato zunubi ne.

Labarin ɗan Dawuda, a 2 Sama'ila sura 12, yana da nauyi, ni ma ban taɓa karanta shi da sanyin zuciya ba. Sarki ne da Allah ya ɗora a kan jama'arsa, ya ƙwace matar bawansa, ya shirya kisan mijin, ya rufe maganar yana zaton ta wuce. Allah ya aiko Natan, ya yanke hukunci a kan wannan gida, a wannan lokaci, saboda wannan abu. Littafin ya ba mu labarin abin da ya faru sau ɗaya, bai kafa dokar da za a riƙa auna kowace uwa da ita ba. Inda aka kafa doka, ga abin da aka ce. A Ezekiyel 18 mutane suna ta karin maganar cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu, Allah ya rantse cewa ba za a ƙara yin wannan karin magana a Isra'ila ba, ya ce a aya 20 ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Mu ma a nan muna cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ki kuma duba yadda Natan ya yi aikinsa. Bai yi lalube ba, bai ce an nuna masa akwai wani abu ba, ya faɗi laifin da sunan wanda aka kashe, bai kuma karɓi ko sisi ba. Matar nan ɗaya, Bat-sheba, ita ce ta haifi Sulemanu daga baya, aka kuma rubuta cewa Ubangiji ya ƙaunace shi. Da la'ana ce mai bin 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, da Sulemanu bai kai ga gadon sarauta ba, da kuma sunan gidan nan bai shiga asalin Almasihu a Matiyu sura 1 ba.

Yanzu ga abin da ke jinin 'ya'yanki, kamar yadda kowane ma'aikacin lafiya zai faɗa miki. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan ku biyun AS ne, wato kowannenku yana ɗauke da S ɗaya, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma kowane ciki lissafinsa dabam, shi ya sa wani gida za a haifi huɗu babu ko ɗaya, wani gidan kuma a sami biyu ko uku. Wannan S ɗin yana jikinki tun kina cikin mahaifiyarki a Billiri, kafin ki san dama da hagu, balle ki san saurayi. Da kin yi zaman budurci kamar Maryamu uwar Ubangijinmu, kika auri wannan miji, lissafin bai canja ba. Rabin abin kuma daga maigidanki ya fito, shi ma daga mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya karɓa. Ban faɗi wannan don ki mayar wa surukarki da magana ba, ita ma jika ta binne, tsoro ne ya kai ta inda ta kai ki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma yana ɗauke da S. Masana sun gano tun shekarun 1950 cewa mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa wannan jini ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi yawa. Yana gidan fasto, yana gidan liman, yana gidan wanda bai taɓa shiga majami'a ko masallaci ba.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda kusan kowane mako nake karo da shi, shi ne wannan sana'a ta cin abinci da hawayen iyaye mata. Salon iri ɗaya ne, ko a cikin gari ko a ƙauye. Za a dubi mace da damuwa ta riga ta cinye, a runtse ido, a ce an ga wani abu a baya. Wace mace ce, wane namiji ne, za a ce masa akwai abin da ya taɓa yi, gabansa bai faɗi ba? Da zarar ta sunkuyar da kai, shi ke nan an kama ta, ita da kanta za ta cike sauran labarin, ta fita tana cewa mutumin nan yana gani. A naki ma ƙaryar a fili take. Ya ce zunubi ne ɓoyayye, alhali a gaban dattawa kika faɗa, ikilisiya ta san da horonki, mijinki ya sani. Ruhu Mai Tsarki ba ya kuskuren labari.

Shekarun baya, ina aiki a wata ikilisiyar ƙauye a kudancin jihar nan, aka buga mini ƙofa da tsakar dare. Wata mace ce daga Zumuntar Mata, goye da ɗanta mai shekara 6, an sauke su a kan babur. Kwana 4 suka yi a wani gidan addu'a. Da na haska fitila na buɗe tafin hannun yaron, fari fat kamar takarda, idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura ta hagu, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. A cikin jakarta akwai kwalbar man zaitun da saura kaɗan a gindi, da katin asibitinsa a naɗe cikin leda, wanda ta ce an hana ta fito da shi. Awaki biyu ta sayar ta biya. Muka kai shi asibiti, aka ce jini yake bukata nan take, na bi gida gida ina tayar da matasan ikilisiya, kafin a gama gwada na mutum na biyu yaron ya cika. Bayan kwana bakwai ta koma wurin mutumin tana kuka, sai ya ce mata bangaskiyarta ce ta gaza, da ta ƙara kwana ɗaya da an ga aiki. Haka tarkon yake. Idan yaro ya sami sauƙi, kamar yadda ciwon sikila yakan lafa da kansa wani lokaci, ikon mai gidan addu'a ne. Idan ya mutu, laifin uwa ne. Shi ba ya taɓa faɗuwa, uwar kuma ba ta taɓa fita. Na binne yaron da hannuna, kuma har yau ban sami ayar da za ta sa in kira wannan abu hidimar Allah ba.

A ina aka rubuta cewa shan magani rashin bangaskiya ne? Bulus, wanda Allah ya yi mu'ujizai ta hannunsa, ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa a 1 Timoti 5:23, bai ce masa ya binciki zunubin kakarsa ba. Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, kuma saboda aikin Almasihu ne. Bulus kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi. Annabi Ishaya ya sa a ɗora wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya yi alkawarin warkar da shi. Elisha, wanda ya ta da ɗan matar Shunem daga matattu, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu, 2 Sarakuna 13:14. Su wane ne a cikin waɗannan bangaskiyarsu ta gaza?

Mu duba tarihinmu na kusa. Samari uku suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara arewacin ƙasar nan, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Da ma'aunin gidajen addu'ar yau za a auna su, sai a ce suna da zunubin da suka ɓoye. Amma daga wannan aiki ne bishara ta iso Kaltungo a 1917, kuma waɗanda suka kawo ta ba su ga saɓani tsakanin addu'a da magani ba, inda suka kafa majami'a sukan kafa ɗakin shan magani. Iyayenmu sun ga zamanin da ake cewa kuturta la'ana ce, ana ware mutum a bayan gari. Tun 1873 wani likita ɗan Norway, Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo ta, yau kuma ana ba da maganinta kyauta, mutum ya sha wata 6 ko 12 ya warke. La'anar da ƙwayar magani take kashewa, ashe tun farko ba la'ana ba ce.

Batun Naira 80,000 kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Elisha ya ƙi karɓar kyautar Na'aman, Gehazin da ya bi ta baya ya karɓa shi ne ya kwashi kuturtar. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Yesu ya aiki almajiransa su warkar da marasa lafiya, ya ce kyauta suka samu, su bayar kyauta. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar shari'a da ya zama la'ana dominmu. Wanda ya ce akwai sauran la'ana a kanki da sai kuɗi zai karya, yana cewa ne jinin Almasihu bai isa ba, sai an cika da nairori. Wannan saɓo ne, ko da a kan bagadi aka faɗe shi.

Ba zan ɗora laifin duka a kansu in wanke namu hannu ba. Mutane suna zuwa can ne domin a can ana zama da su har dare, mu kuwa wani lokaci sai mu yi addu'ar minti biyu a bakin ƙofa mu wuce taron kwamiti. A zaman makokinmu ma ina jin raɗe-raɗin da ake yi a bayan rumfa, ana cewa ai gidan nan akwai abin da ke ƙasa. Wanda aka yi wa horo aka maido, wasu 'yan ikilisiya ba sa maido shi a zuciyarsu har ya mutu, sai wani abu ya same shi a ce ga shi nan. Dattawa da shugabannin Zumuntar Mata da ke karanta wannan, ku sani horon ikilisiya yana da ranar ƙarewa, kuma wanda ya tono abin da Allah ya binne ba aikin Allah yake yi ba. Mai ƙarar 'yan'uwa dare da rana, Wahayin Yahaya 12:10 ta faɗi ko wane ne.

'Yata, kin furta zunubinki, 1 Yahaya 1:9 kuma ta ce shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta ya tsarkake. Hukuncin wannan zunubi an riga an zartar da shi a kan gicciye, Allah kuwa ba ya karɓar bashi ɗaya sau biyu, balle ya karɓa daga hannun yarinya 'yar shekara 7. Romawa 8:1 ta ce yanzu babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Dalilin da ya sa Ubangiji ya bar wannan nauyi ya sauka a gidanku bai sauka a na maƙwabta ba, wannan yana cikin asiransa, Ayuba ma ba a ba shi wannan amsa ba. Abin da aka ba mu shi ne Ubangijin da ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru, mutumin da yake ƙauna, ya yi hawaye, wanda kuma manzonsa ya kira mutuwa abokiyar gaba ta ƙarshe da za a hallaka. Don haka ki yi kukan 'yarki, kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Shi wanda ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa, a hannunsa take, kuma maganar Dawuda a ƙarshen labarin da aka tsorata ki da shi, cewa shi ne zai tafi wurin yaron, taki ce ke ma.

Ki nuna wa maigidanki wannan amsa, domin shi ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya gaya mata cewa jinin daga ɓangarori biyu ya fito, ba za a kuma ƙara kai ɗansa wancan gida ba. Ku kira dattawan ikilisiyarku bisa ga Yakubu 5:14, su zo gida su yi wa yaron addu'a su shafa masa mai, ba da ko kwabo ba, maganinsa kuma yana ajiye a gefe ana ba shi a kan lokaci. Ku riƙe ranakun ganin likita ko da yaron yana wasa lafiya, ku tambayi likitan ko maganin da ake kira hydroxyurea ya dace da shi, domin yana rage yawan tashin ciwon ga yara da dama. Ya riƙa kwana cikin gidan sauro, ki sa masa rigar sanyi idan hunturu ya shigo, zazzaɓi kuma ko na dare ɗaya ne kada ki jira gari ya waye. A gwada jinin sauran yaran biyu domin su san matsayinsu tun kafin su kai aure. Akwai masu SS da yawa da suka girma, suka yi karatu, suka yi aure.

Game da Jibin Ubangiji, 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Kin gwada kanki fiye da yadda aka nema. Ki je wurin fastonki cikin makon nan ki faɗa masa duk abin da kika rubuto mini, har da sunan wancan gida domin a gargaɗi sauran mata, ranar Lahadin da za a ba da Jibi kuma ki zauna a inda kika saba zama, idan faranti ya iso gabanki ki miƙa hannu ki ɗauka.